Goyon Baba Tsakanin Safa da Marwa

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da Baba, za mu Umara. Tun a filin jirgi rigima ta fara. Ma'aikata suka turo masa keken guragu, ya watsa musu harara. Baba tsohon soja ne, harsashi ya lalata masa gwiwar hagu a Somaliya lokacin aikin kiyaye zaman lafiya, amma ka kuskura ka ce masa gurgu ka ga tashin hankali. Ya riga ya ci alwashin da ƙafarsa zai yi ɗawafi da sa'ayi.

Daga Jidda zuwa Makka titi sumul, ko rami ɗaya babu, har na fara jin haushin namu. Muka sauka a unguwar Jarwal. Kai, Hausa ko'ina! Sai dai ta sha Larabci. Mai abincin ƙasan masaukinmu, wanda kakansa ya zo da ƙafa daga Sakkwato, ya zubo mana shinkafa da kaza yana cewa, "Tafaddal Alhaji, ka ci sosai." Farashin kuwa, kana juya riyal zuwa naira sai ka ji ka ƙoshi.

A nan Baba ya sake jawo labarin da muka haddace tun muna yara a tsakar gida. Ranar da aka harbe shi, ya faɗi a tsakiyar titi, wuta ta ko'ina. Wani sojan Ostiraliya ya fito daga bayan mota, ya saɓa shi a baya ya ruga da shi. Daga baya su Baba suka ji ƙasar sojan ta ba shi lambar jarumta. Baba bai san sunansa ba, Dogo kawai yake ce masa, kuma bai taɓa samun yi masa godiya ba.

Ɗawafi dai ya yi shi da sandarsa, a daddafe. A zagaye na huɗu na sa'ayi ƙafar ta ƙi. Ya zauna jikin bango, gumi sharkaf, idonsa ya kawo ruwa. Wallahi zuciyata ta karye. Masu tura keke suka matso, ya girgiza kai.

Na durƙusa na ba shi bayana, ina jiran faɗa. Sai ya dafa kafaɗata ya hau. Mutumin da yake ɗaga mu biyu-biyu a kafaɗa muna yara, yau ba shi da nauyin komai. Har muka kai Marwa ina jin sa a kunnena: "Ya Allah, Dogo. Duk inda yake, Ka saka masa."

Mun dawo gida lafiya. Tafiyar ta nuna mini cewa yarda a ɗauke ka ma jarumta ce. Da masu sannu da zuwa suka cika zaure, Baba ya ce, "Bayan uwata, mutum biyu suka taɓa goya ni. Ɗaya an ba shi lamba. Ɗayan kuwa," ya nuna ni da sanda, "Allah Ya yi masa albarka."

Ni kam ta ishe ni.