Safar Kiɗa Zuwa Fakku

Tambuwal

Ƙarfe shida saura na fito gida, ana sallame sallar asuba. A jakata akwai ƙaramar lasifika da wata safar hannu da na aro wurin abokin aikina a makaranta. Ana haɗa ta da waya. Ka kaɗa hannu ta yi kiɗan kalangu, ka ɗaga sautin ya hau, ka sauke ya sauka.

Kawu Ladan makaɗin mahauta zan kai wa a Fakku. Shi kaɗai ya san taken mahaifina, wanda mahauci ne, kuma shekara uku ke nan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Tun rasuwar Baba ban sake jin taken ba, kewarsa kuwa ta hana ni sakat.

Kebbe

A tasha motar Kebbe ba ta cika ba sai bakwai da rabi. A shingen jami'an tsaro wani ya zaro safar, ya juya ta.

"Malam, ina 'yar'uwatta?"

"Mai ita hannu guda ag gare shi," na ce.

Ya mayar mini da ita. Sha ɗaya muka shiga Kebbe, na sha fura a tsaye, na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Fakku.

Fakku

Na iske Kawu a rumfar mahauta, inda ake kawo shi duk ran kasuwa ya zauna kurum. Na sa masa safar a hannun dama. Ya kaɗa, ta yi ƙara, mahauta suka ajiye wuƙaƙe. Sai dai sautin ya ƙi zama magana. Kawu ya ɓata rai.

"Ɗana, wanga abu kiɗi shikai, amma ba ni jin shi ga jikina. Ku ɗauko min kalanguna."

Aka kawo shi, fatar ta yage, tsarkiya duk ta saki. Muka rataya masa, na cusa shi ƙarƙashin hammatar da ta mutu, na riƙe masa. Ya rufe ido, hannun dama mai safar ya tashi a iska, kiɗi ya fito daga lasifikar.

Taken Baba ne, sak. Na ga kamar yanzu Baba zai ɓullo daga bayan rumfa yana goge hannu a riga. Na yi kuka a gaban jama'a, ban ji kunya ba. Sau ɗaya ya kai ƙarshe, hannun ya faɗi a cinyarsa.

"Na gaji. Ka ɗauka dai ko?"

A nan na tuna wayar da zan ɗauki sautin da ita, ita ce ke haɗe da safar, ban ɗauki komai ba. Amma na ce masa na ɗauka.

Gida

Na kwana Kebbe wurin wani malamin asibiti, washegari da azahar na iso Tambuwal. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa mahautan Fakku. Tun a mota nake ta maimaita taken a baki, kuma tsakiyarsa ta riga ta fara kuɓuce mini.