Dokar Turare a Gidan Burodi

Mai-Hanci ake ce masa, kuma ba ƙazafi aka yi masa ba. Hancin nan yakan riga shi shiga ɗaki, matarsa ma takan ce har ya amsa gaisuwa kafin mai shi ya iso. Shi kuwa ko a jikinsa, don da hancin yake ci da iyalinsa.

Burodi yake gasawa a wani ɗan gidan burodi da ke manne da gidansa. Tun yana saurayi bai taɓa duba agogo don ya san gashi ya yi ba. Sai ya zuba kwaɓi a tanderu, ya juya masa baya, ya zauna kan buhun fulawa yana hira. Ana cikin magana za a ga ya ɗaga kai ya ja iska, ya miƙe. Da ya buɗe, ga burodi ya yi jawur.

Saboda haka ya kafa doka guda mai tsanani: ba mai shigo masa wurin aiki da turare a jiki. Wai turare yana rikita masa hanci. Matar, wadda ke son turare kamar ranta, ta haƙura ta tura kwalabenta ƙasan akwati, amma fa ba ta taɓa yafe masa ba.

Ana nan sai mura ta kama shi. Ya sayo maganin ɗigawa a hanci daga kemis, ya ji daɗinsa, ya mai da shi abokin tafiya. Mura ta wuce, shi bai daina ɗigawa ba, hanci kuma sai ƙara toshewa yake. Burodi ya ƙone sau ɗaya, ya ɗora wa itace laifi. Ya sake ƙonewa, ya ce fulawar bana ce. A ransa kuwa tsoro ne fal, don ko ƙauri ba ya ji, kuma bai san wata hanyar gashi ba.

Miya ce ta tona masa asiri. Ran nan ya ture kwano ya ce girkin salam yake. Matar da ta san abin da ta zuba a tukunya ta ƙura masa ido, ta tura aka kira ƙanwarsa, wadda nas ce.

Ƙanwar ta haska hancin da tocila, ta fara faɗa. Ta ce rabin daɗin abinci a hanci yake, shi ya sa ya zagi miyar mutane. Ɗigon nan na 'yan kwanaki ne, in aka zarce shi ke kumbura hanci. Gashin hancin da yake tsigewa don gayu kuwa, shi ne rariyar da ke tace ƙura kafin iska ta kai huhu.

"Yaya, kai kana tankaɗe fulawa, hancinka ma nasa tankaɗen yake yi. Ka bar masa kayan aikinsa."

Ta ƙwace kwalbar maganin, ta sa shi wanke hanci da tafasasshen ruwan gishiri da ya huce, da ɗaura takunkumi wajen tankaɗe, da fyacewa a hankali, kafa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in jin ƙamshi bai dawo ba sai asibiti. Kafin nan, ya sayi agogo.

Agogon nan ya ci masa rai. Kullum in ya yi ƙara sai Mai-Hanci ya harare shi kafin ya tashi. Ya rage hira, ya rage dariya. Matar kuwa ta tsiri kai masa shayi har bakin tanderu kowace safiya, ta ɗan tsaya kusa da shi, sannan ta fita.

Wata safiya ta ajiye kofi ke nan, sai ya ɗaga kai ya ja iska, ya ɗaure fuska.

"Wa ya shigo mini nan da turare? Ke ce? Kin manta dokata?"

Ta tsaya tana dariya, hawaye na zubo mata.

"Baban yara, ai tun ranar da ƙanwarka ta zo nake shafa shi kullum. Yau ka ji."

Ya sake jan iska a hankali. Ga turarenta, ga kuma burodi can bayansa yana daf da yi. Ya miƙe ya buɗe tanderu tun agogo bai ce uffan ba.

Dokar ba ta sake tashi ba. Har yau da turarenta take kawo masa shayi, kuma shi ke sayo mata.