Kofi Biyar, Faranti Shida

A layinsu Mai Ɗinki kowa yake ce mata, ko da yake shekara uku ke nan rabon ƙafarta da taka keke. 'Ya'yanta biyu kuwa Umma suke kiranta. Shekara arba'in da ɗoriya ta yi a gida ɗaya, ciki biyu da falo, tana yi wa matan unguwa ɗinki tana faɗa da su a kan awo. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin macen da ta yarda ta ƙara ƙiba ba, kullum tela ce ta matse riga. In ka shiga falonta, keken ɗinki yana dama a jikin taga, kabad mai gilashi yana hagu. To, a cikin kabad ɗin nan ranta yake.

Kayan shayi ne na tangaran, irin wanda ake ce wa faɗi-ka-mutu. Buta ɗaya mai dogon baki, ɗan mazubin madara, na sukari mai murfi, ƙananan faranti shida, kofi biyar. Farare ne tas, da zanen ganye shuɗi, an zagaye bakinsu da siririn ruwan gwal. Don rashin kauri, in ka ɗaga kofi ɗaya saitin taga sai ka ga inuwar yatsunka ta ciki.

Marigayi maigidanta ne ya kawo su, shekara guda da aurensu. A kan cinyarsa ya rungumo kwalin cikin bas, yana hararar duk wanda ya matso kusa. Ma'aikacin otel ne, mai kai wa baƙi abinci, shi ya koya mata yadda ake yi. Ba a zuba ganyen shayi a buta mai sanyi, sai an fara ɗauraye ta da ruwan zafi an zubar. A sa ganye, a zuba tafasasshen ruwa, a rufe, a jira minti biyar ba ƙari ba ragi. Hannun kofi ya kalli dama, cokali ya kwanta a bayansa. Ita kuma ta ƙara da nata, ta ɗinka wa butar hula da ragowar yadi don kada ta huce. Ya yi dariya har da tari, ya ce yau ga butar da ta fi shi gayu.

Yini guda yana tsaye yana zuba wa wasu shayi. Da la'asar in ya dawo sai ya cire takalmi ya zauna, a zuba masa shi ma. Ita ta bar keke, ta kakkaɓe zare daga zaninta, su zauna su biyu. Ba wata hira mai tsawo suke yi ba. Ya ba ta labarin baƙon da ya zuba gishiri a shayi, ta ba shi na matar da ta zo da yadi biyu tana son riga da zani da ɗankwali. Wallahi a duniya ba abin da ta fi kewa kamar ƙarar kofinsa lokacin da yake sauke shi a kan faranti.

Yara kuwa ba su a ciki. Nasu a kofin roba ake ba su, su sha daga bakin ƙofa suna leƙe. Mukullin kabad a bakin zaninta yake ɗaure. Babban, namiji, bai taɓa damuwa ba, shi dai a cika masa sukari. Auta ce idonta ke kan gilashin nan kullum, ta manna hanci har ya bar tabo.

Tana da shekara bakwai abin ya faru. Wata mai kawo ɗinki ta kira Umma waje, ta bar tire a kan tebur. Ba ta yi minti biyu ba ta jiyo tas! Ta dawo da gudu ta tarar da Auta a tsugune tana tsintar fasassun da hannu, kofi na shida ya tashi aiki. Abin da Umma ta yi ranar, har maƙwabta sai da suka leƙo. Ba ta dake ta ba, amma da dukan ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce mata mai hannun banza, ta ce mata ɓarnatacciya, ta ce in ta sake ganin ko inuwarta kusa da kabad ɗin nan sai ta gane kurenta. Sai da uban ya dawo ya lura yarinya ta naɗe ɗan yatsanta da gefen riga, jini ya jiƙa shi jagab. Shi ya kai ta aka ɗinke. Umma tana gida tana jera fasassun a kan jarida ko za su haɗu. Ba su haɗu ba.

Shekara da shekaru ta yi tana neman irinsa. Duk shagon kayan kicin da ta wuce sai ta shiga da farantin nan maras kofi a jakarta. Da farko ana ce mata ya ƙare, za a kawo. Daga baya aka koma cewa an daina yin irinsa. Na ƙarshe da ta tambaya, wani mai shago ne da bai kai sa'an ɗanta ba, ya juya farantin ya ce, “Mama, wa ke shan shayi a wannan yanzu? Kurɓa biyu fa ya ƙare. Ga filas, ga manyan kofuna, ko daga bene suka faɗo ba ruwansu.” Ta karɓe abinta ta ce masa ba bokiti ta zo saya ba.

Amma gaskiyarsa ce, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Baƙi suka daina zama. A zo a tsaye, a gaisa a tsaye, waya a hannu, in ta ce bari ta ɗora ruwa sai a ce, “A'a wallahi, sauri muke.” Shayi ya koma 'yar jaka mai zare, a tsoma a ruwa kamar ana kamun kifi. Ƙawayenta da suke da irin kayan, wata ta raba wa jikoki suna wasan girki da su, wata ta zuba maɓallai da allurai a butar. Da maigida ya rasu, Umma ta ci gaba da fito da su duk la'asar ita kaɗai. Kofi ɗaya take zuba wa shayi, amma biyu take ɗorawa a tire.

Sai hannu ya fara rawa. Da fari zare ne ya ƙi shiga allura, ta ɗora wa tabarau laifi. Daga nan kofi ya fara kaɗawa a kan faranti, kar-kar-kar, tun daga tebur har bakinta. Likita ya ce tsufa ne, a rage aiki. Babban ɗanta ya ce magana ta ƙare, ƙarshen wata za ta koma gidansa, an gyara mata ɗaki. Ɗaki ne mai kyau, ba ta ce ba, amma gado da durowa sun cinye shi, kabad ba zai shiga ba. Ko da zai shiga ma, ta san hannun nan nata sai ya ƙarar da su ɗaya bayan ɗaya.

Ita ba komai take so ba illa kayan nan su koma gidan da za a riƙa shan shayi da su. Ta fara yi wa matar ɗanta tayi. Yarinyar kirki ce, ta ce, “Kai Umma, sun yi kyau! Amma ina zan sa su? Mu da safe kowa a guje yake.” Shi kuwa ɗan nata, Allah ya shirye shi, cewa ya yi akwai masu sayen tsofaffin kaya. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwarsa da kyau ba.

Saura Auta. Yanzu nas ce a asibiti, da 'ya'yanta uku. Tana zuwa duk mako, ta auna wa Umma jini, ta jera mata magani, ta yi shara, ta goge keke har ƙafafunsa. Amma kabad, ko ƙura ta rufe gilashin ba ta kai masa tsumma. Umma ta daɗe da lura, sai dai ta ɗauka irin halin 'yan zamani ne.

Ta kira ta a waya. “Ranar da ba ki da aiki ki zo da la'asar. Zuwan zama nake so, ba na tsaye ba.”

Auta ta zo ta tarar da falo cike da kwalaye, an sauke labule, keke an lulluɓe shi da tsohon zani. Tebur kaɗai ya rage yadda yake, an shimfiɗa masa farin ƙyalle. Buta na sanye da hularta da ta koɗe, kofi biyu kowanne hannunsa na kallon dama. Ta tsaya daga bakin ƙofa.

“Shigo mana, kin tsaya kamar mai karɓar kuɗin wuta,” in ji Umma.

Ta shigo ta zauna a bakin kujera, ta haɗa hannuwa a cinya. Umma ta kama buta da hannu biyu ta zuba, kaɗan ya ɗiga a faranti, ta yi tsaki. Ta tura mata kofin.

“Umma, da kin zuba min a na roba.”

“Na roba na cikin kwali. Sha.”

Auta ba ta taɓa ba. Umma ba ta iya kwana-kwana ba, ta faɗi abin da ke ranta. “Kayan nan ke nake so ki ɗauka. Duka. Ba don ki ajiye a kabad ba, don ki riƙa sha.”

“Ki ba Yaya.”

“Yayanki sayarwa zai yi.”

“To ki ba wata. Ni ba zan iya ba.”

“Ba za ki iya me ba? Wanke kofi biyar?”

Auta ta ɗago. Mace mai shekara talatin da takwas, wadda take riƙe hannun marasa lafiya ana ɗinke su ba ta ko ƙifta ido, muryarta ta yi ƙasa kamar ta yarinya. “Tsoronsu nake ji, Umma. Har yau in na ji an fasa wani abu a asibiti, sai gabana ya faɗi.”

Haushi ya taso wa Umma, kunya ta biyo bayansa. Don ta sami abin yi, ta ɗauki nata kofin da farantinsa. Kar-kar-kar. Ta matse yatsu don ya tsaya, sai ma ya ƙaru. Kofin ya zame, shayi mai zafi ya kwarare mata a hannu, ya daki gefen tebur ya sauka a siminti.

Tas!

Ita kofin take kallo. Ya rabe uku, hannunsa ya gangara ƙarƙashin keke. Shi ne wanda maigida yake sha da shi, ta gane shi da ɗan tabon da ke gindinsa. Kafin ta buɗe baki Auta ta tsallake fasassun ko kallonsu ba ta yi ba, ta durƙusa ta kama hannunta.

“Kin ƙone? Mu gani. Umma, kin ji ciwo?”

Ta ruga ta kawo ruwan sanyi a roba, ta tsoma hannun, tana juya shi tana dubawa tsakanin yatsu. “Bai yi yawa ba, ba zai tashi ba. Yana zafi?”

Umma kuwa hannun Auta take kallo a cikin ruwan. A jikin manuniyar dama akwai farin tabo, siriri, da alamar ɗinki uku. Ita da ta yi shekara arba'in tana gane ɗinkin kowane tela daga nesa, wannan ɗinkin ba ta taɓa tsayawa ta dube shi ba. Ta tuna ranar sarai. Ta tuna jaridar da ta shimfiɗa, ta tuna yadda ta jera fasassun, ta tuna duk abin da ta faɗa. Ta laluba ko'ina a ranta ko ta yi wa yarinyar wannan tambayar, ba ta samu ba.

Ta kama yatsan da hannunta mai rawa. “Ke fa?” ta ce. “Kin ji ciwo?”

Auta ta dube ta, ta dubi yatsan. Ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa. “Na ji, Umma.”

“Sannu,” in ji Umma. “Sannu, Autata. Ban kyauta ba.”

Suka yi kukansu a nan tsakanin kwalaye, ba mai rarrashin wani. Da suka gaji Auta ta share fuska, ta ɗauko tsintsiya ta tattara fasassun, ta zaro hannun kofin daga ƙarƙashin keke ta miƙa wa uwar. Umma ta ƙulle shi a bakin zani, kusa da mukulli.

Sannan Auta ta koma kujera. Kofinta na nan inda aka tura mata shi, shayin ya huce. Ta daɗe tana kallonsa. Ta sa yatsa cikin hannunsa, ta tallafe gindin da ɗaya hannun, ta kai baki ta kurɓa.

“Ba nauyi ashe,” ta ce.

“Babu. Babanki ya ce shi ya sa ake zama kafin a sha.”

Ta sake kurɓa, ta sauke shi a kan faranti a hankali. Ƙarar nan ta fito, 'yar siririya, wadda Umma ta yi shekaru ba ta ji daga hannun kowa ba sai nata.

“In na kai su gida, kin san 'ya'yana,” in ji Auta. “Ba sa jin magana. Kafin shekara sun farfasa su.”

Umma ta kwance mukullin kabad daga bakin zani ta ajiye mata a kan tebur.

“Su fasa,” ta ce. “Ke dai ki zuba musu a ciki.”