Matar da Aka Ce wa Kwamfutarta Ta Mutu

Tana zaune a bencin shagon buga takardu, daidai inda mai gyaran kwamfuta na tsallaken titi ba zai ɗaga kai bai gan ta ba. Za ta kai shekara hamsin, gilashi ya zamo mata kan hanci, ga tabon jan biro a gefen yatsa. Ina jin malamar makaranta ce, irin wadda ba a yi wa ƙarya sau biyu.

Ta ari kwamfutar shagon, ta soka filashi, ta buɗe wata manhaja a intanet mai mayar da filashi abin tayar da kwamfutar da ta ƙi tashi. Tata kwamfutar tana kan cinya a rufe.

"Hajiya, komai na cikin filashin nan zai goge fa," in ji mai shagon.

"Ya goge. Wancan mai gyaran ne ya ce min kwamfutata ta mutu, wai in bar masa ya cire kayan ciki. Ni zai raina wa hankali?"

Ba ta ɗaga murya, amma kowace kalma tana tsallaka titi. Mai gyara ya duƙufa yana goge allon da ba ƙura.

Filashi ya kammala. Ta soka shi a tata, ta danna maɓallan da aka rubuta mata a bayan wani ambulan. Allo ya kawo haske.

Ko murmushi babu. Ta ɗauki kwamfutar a buɗe kamar tire, ta tsallaka, ta dire ta gaban masu jiran gyara.

"Injiniya, kafin ka karɓi nasu, maimaita musu abin da ka ce min jiya."