Wanzamin da Na Mayar Ɗan Rahoto

Shekarun baya, ina ɗan shekara goma sha biyar, na taɓa bin wani bawan Allah a baya kwana uku cur, ina laɓewa bayan turakun lantarkin da ba su kai kaurin cinyata ba, ina ganin ba a ganina. Wautar ke nan. Da a nan ta tsaya, da yau dariya kawai zan ba ku.

Zamanin juyin juya hali ne a Kwatano. Kowa kamarad ne, wato abokin gwagwarmaya, tun daga malamin makarantar boko har mai sayar da gawayi. Manyan Zango in za su taɓa maganar gwamnati sai sun waiga hagu, sun waiga dama, sun rage murya, sannan su ce, "Kai, zafin bana ya yi yawa." Mu yara ba ruwanmu. Mu fim ne ya hana mu sakat.

Akwai wani littafin Faransanci na ɗan leƙen asiri da ni da abokina muka tsinta cikin tsofaffin littattafan da ake shimfiɗawa a ƙasa a unguwar Jonke. Mun karanta shi har takardunsa suka yi laushi kamar dafaffen ganyen rama. Wata rana sai ga hoto an manna a bangon gidan silima: mutum cikin doguwar kwat, rabin fuskarsa a duhu, an rubuta yana nan tafe. Littafinmu ne aka mayar fim. Na yi ihun da sai da wata akuya ta tsinke igiya.

Mai sayar da tikiti ya leƙo ta 'yar tagarsa ya ce, "Ku 'yan Zango, wannan ba irin wanda kuka saba ba ne. A littafi jarumin yana dariya, yana shan lemo a bakin teku. A fim ɗin ko haƙorinsa ba za ku gani ba. Kuma wanda ya fi yarda da shi, shi ke sayar da shi."

"Direbansa ne ko?" in ji abokina.

"Ka sayi tikiti ka gani."

Na ce, "To yaushe zai zo?"

Shi ma sai ya waiga hagu, ya waiga dama. "Ana dubawa," ya ce, ya ja tagarsa.

Sati ya zama wata. Rana ta kodar da hoton. Wasu suka ce an riƙe fim ɗin ana yanke masa wuraren da ba a so, wasu suka ce wani babba ne ya kai shi gida yana kallo shi da matarsa. Ni da abokina muka yi ta gardamar wane ne macucin, har muka zargi kowa a littafin, da karen jarumin. Da jiran ya ishe mu, sai muka ce bari mu yi horo kafin fim ya iso: kowa ya zaɓi mutum ɗaya ya bi sawunsa. Abokina ya zaɓi wata mai sayar da kifi. Ba a yi minti biyar ba ta gano shi, ta watsa masa ruwan kifi, ya ajiye aiki. Ni kuwa na zaɓi baƙon gidanmu.

A Zango baƙo ba ya sauka haka kawai, sai da mai gida. Mai gida ne zai ba shi ɗaki, ya kai shi masallaci ya ce wa jama'a, "Wannan nawa ne." Daga ranar, in baƙon ya yi abin kirki mai gida aka yaba, in ya ɓata shi za a nema. Mahaifina ya saba saukar da fataken shanu, amma wannan karon wanzami ya sauke, wani dogo daga arewa, marar yawan magana. Yana shimfiɗa tabarmarsa a inuwar bangon masallaci, ya buɗe zabira, mutane su miƙa masa kai. Hannunsa ba nauyi, shi ya sa nan da nan ya yi kasuwa.

Abin da ya tsaya mini shi ne kullum da hantsi sai ya naɗe tabarma, ya ɗauki wani ƙunshi ɗaure da ƙyalle, ya yi gaba. Wane wanzami ne ke barin kawuna suna jira?

Rana ta farko na ɓatar da shi a wajen masu dawa. Ta biyu wani mai keke ya kusa aika ni lahira. Ta uku na bi shi har wani gida mai doguwar katanga da sojoji a ƙofa, irin gidan da manya ba sa nunawa da yatsa. Ina kallo soja ya ɗaga masa kai kamar wanda ya saba da shi, ya shige da ƙunshinsa. Da ya fito, ƙunshin ya yi sauƙi a hannunsa.

Na gano!

Da la'asar na tarar da teburin mai shayi cike, na zauna na kwashe labari. Kuma kun san ni. Soja ɗaya ya zama huɗu, ɗaga kai ya zama sara masa, ƙunshi ya zama akwatin ɗaukar magana. Har na kwaikwayi yadda yake sunkuyo da kunne in yana aski. Ina jiran dariya.

Ba wanda ya yi dariya. Wani dillalin shanu ya ajiye kofinsa a hankali, ya shafa kansa da aka aske shekaranjiya. Mai shayi ya ce, "Yaro, da idonka ka gani?"

"Da idona biyu."

"To sha shayinka."

Washegari tabarmar wanzami ta wuni ba kowa. Jibi ma haka. Mutane suka riƙa tuna abin da suka taɓa faɗa a ƙarƙashin askarsa, wani ya yi ƙorafin tsadar shinkafa, wani ya ambaci ɗansa da ya tsallaka iyaka. In ya shigo majalisa sai hira ta koma kan zafin bana. A masallaci aka fara barin 'yar tazara a gefensa, a sahun da ake cewa kada a bar wa shaiɗan ƙofa. Kafin sati ya ƙare kawunan Zango sun yi buzu-buzu, shi kuma yana zaune yana wasa aska a fata.

Ranar Juma'a da safe mahaifina ya kira ni. Ya kama hannuna har inuwar masallaci, lokacin da wurin ya fi cika. Ya cire hula ya zauna a tabarma.

"Wanzam, kwashe shi duka," ya ce da ƙarfi, yadda har mai shayi zai ji. "In ka gama ga ɗana."

Aka gama da shi, na durƙusa. Mutumin da na kashe wa kasuwa ga shi da aska a bayan kunnena. Ya shafa mini ruwa da sabulu, ya kama kaina a hankali kamar ƙwai, sannan ya sunkuyo ya ce, yadda ni kaɗai zan ji, "Ɗan mai gida, in za ka sake biyo ni, ka zo ka riƙe mini kwanon. Yana da nauyi, kuma ka ga masu keken nan ba su da hankali."

Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige, na ja ta na rufe.

A gida mahaifina ya tura ƙofar ɗakinsa ya ce in zauna. Ya ce ƙanen wanzamin ɗalibi ne a jami'ar Kalabi, an kama shi tare da wasu, yana tsare a gidan nan mai katanga. Ba mai kai masa abinci sai yayansa, abin da ya kawo shi Kwatano ke nan, kuma da askin yake riƙe kansa.

"Abin da ke cikin ƙyallen kuma tuwon uwarka ne, a kwanon uwarka."

Babban ɗan leƙen asiri, bai gane kwanon gidansu ba.

Na ce, "Baba, bari in je teburin shayi in faɗa musu gaskiya."

"Ka faɗa musu me? Cewa ina ajiye da ɗan'uwan wanda aka kama, ina ciyar da shi? Kafin magariba maganar ta isa inda ba ka so. Ka je ka ce ƙarya ka yi, ka tsaya nan."

Na je na ce ƙarya na yi. Na rantse. Mai shayi ya dube ni, ya dubi sabon askina, ya ce, "Allah sarki, an tsorata yaro." Wani daga ƙarshen benci ya ce, "To in ƙarya ce, me yake zuwa yi can?" Amsar tana bakina, ba halin faɗa. Na tsaya kamar turmi. Ranar na ji ana raɗa cewa watakila mai gidan ma a riƙa kula da baki a gabansa.

Fim ɗin ya zo daga baya, na kalle shi. Ba dariya a cikinsa kamar yadda mai tikiti ya faɗa, amma bai ba ni tsoron da shirun teburin shayin nan ya ba ni ba. Har yau ina da surutu, ina ƙara wa labari gishiri, wannan ba zan fasa ba. Sai dai tun daga lokacin, kafin in saka mutum a cikin labarina, nakan duba ko masu saurarona a tsorace suke. Mai tsoro ba ya jin wasa, kuma in ka ce masa wasa kake yi, sai ya ƙara tsorata.

Mahaifina da wasu tsofaffi biyu suka ci gaba da miƙa wa wanzamin kai, amma kawuna uku ba sa riƙe mutum a Kwatano. Bayan sati uku ya naɗe tabarmarsa ya koma unguwar Bedoko, inda ba wanda ya san shi, tafiyarsa ta kai abinci ta ƙara nisa. An saki ƙanensa bayan damina, suka koma arewa tare. Bai sake yi wa kowa aski a Zango ba.