Ilu na Garagumsa da Lissafin Aljabara

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Ilu, abokina na lakwal, wato makarantar boko, kuma har yanzu ban daina kishinsa ba.

Mun haɗu a kolej ɗin Damagaram, 'yan shekaru kafin samun 'yancin kai. Ni ɗan unguwar Birni ne, jikan fatake, ina ganin lissafi gadona ne. Shi kuwa daga ƙauyen Garagumsa aka kawo shi, kantar fartanya ba ta bar hannunsa ba. Wata rana malaminmu, wanda muke kira mushe da Faransanci, ya rubuta x² + 7x + 12 a tablo, ya ce a nemo lambobi biyu waɗanda in an ninka su za su ba da sha biyu, in an tara su bakwai. Ina cikin gwada biyu da shida Ilu ya ce, "Uku da huɗu, mushe." Aka rubuta (x + 3)(x + 4). Tuwon ranar bai yi mini daɗi ba.

Haka muka yi shekara biyu. Ni in cika kaye, littafin rubutuna, da gwaji, shi ya duba sau ɗaya ya faɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai, bai taɓa yi mini rowa ba. "Zo in nuna maka, Mahamman."

Ana gab da jarrabawar tafiya ƙaro karatu a Yamai, babban birni, babansa ya rasu, ya koma gona ya riƙe ƙannensa. Na yi masa ta'aziyya, amma can cikin raina, Allah ya yafe mini, wani sanyi na ji. Na ci jarrabawa, na tafi, na dawo mushe.

Bayan shekara ashirin na ziyarce shi lokacin cirar gujiya. Don in gwada shi, na zana 6x² + 11x − 10 a ƙasa. Ya share gumi, ya ɗauki kara ya zana (3x − 2)(2x + 5).

"Har yanzu kana nan kan wannan, Mahamman?" Ya yi dariya, ya koma bakin aikinsa.

Da zai ga jikokina yau suna latsa waya tana ba su amsa, na san murna zai yi, ya ce a nuna masa. Ni ne mai tsaki.

Ilu bai bar takardar shaida ko ɗaya ba, gonar ma an raba. Amma duk wanda ya zauna a ajina, dabarar Ilu ya koya, yana yi mini godiya. Har na yi ritaya ban taɓa faɗa musu mai ita ba. To, ku da na koyar, in kun karanta wannan, ku sa shi a addu'a. Sunansa Iliyasu.