Wanda Yar Riga Ni Gidan Kawu

Saura kaɗan in bar labarin ga cikin cikina, don duk wanda nib ba shi sai shi yi dariya shi ce rana tab buge ni. To ku yi dariyarku, amma wallahi abin ga ya hwaru gare ni, da rana tsaka, idona biyu, kuma har yau in na tuna ba tsoro ke hwara zo min ba, haushi na.

Shekarun baya ina zaune Buza, ina gyaran kekunan ɗinki ƙauye-ƙauye, bayan na gaji da yawon Abijan da Libiya. Abin hawana wata tsohuwar mobilet ta, wato ƙaramin babur, shuɗiya, irin mai pedal ɗin nan da malaman lakkwal na da, wato na makarantar boko, sunka hau, wadda ba ta shan isansi, wato hetur, sai an gauraya mata da man inji. Masu kabu-kabu su wuce ni suna ba'a, wai in sauka in taka da ƙahwa, za ni hi sauri. Ni ko ina son abata. Kukanta awa tunkiya mai tari, tun ban shigo gari ba teloli sun san na iso, kuma duk yawona ban ga wata irinta da tas saura bisa hanya ba.

Da ƙananan ƙorahi abin yah hwara. Wani tela na Garhanga yac ce na wuce ƙohwar shagonai ran kasuwa, yaɗ ɗaga min hannu, ban ko dube shi ba. Ran nan ni ina Urno. Nic ce mai wani dai kag gani, yac ce wa ke ɗaure jakar hwatar akuya bayan sirdi in ba kai ba? Ku ji hwa. Ni da ke kashe inji don in gaida tsoho guda bisa jaki, alhali na san sai na yi zuhwa da pedal kahin ta sake tashi, ni za a ce ma ba ni gaisuwa.

Ana nan piston nata yam mutu. Idi makaniki yak kwance ta duka yaz zuba kayan cikinta cikin tasa, ni ko nih hau motar kasuwa nit tahi Madawa bin tsohhin garaji, don sabbin shaguna ba su ko san sunan abin ba. Kwanaki niy yi can, wayata kuma ta lalace. Ina dawowa mai ɗakina tat tare ni bakin ƙohwa, ko ruwa ba ta ba ni ba, tac ce Inna Rabi ta rasu a Deule. Inna Rabi matar Kawu Ila ta, ƙanen mahaihiyata, kuma ita tag goya ni sa'ad da uwata ke kwance. Ban gama salati ba taƙ ƙara da cewa wai ranar da anka kai ta, mutane na zaune ƙohwar gida, nib biyo ta gabansu bisa mobilet, nit tada musu ƙura niw wuce. Kawu ya aiko a hwaɗa min kada in ƙara taka mai gida.

Jama'a, wace mobilet? Wadda ke cikin tasa? Nis sa Idi gaba, yah haɗa ta, yac ce in ana son rantsuwa shi zai dahwa Alƙur'ani. Nic ce bari in je da bakina tukuna.

Wanshekare da hantsi nik kama hanyar Deule. Lokacin kaka na, an gama yankan hatsi, hanya shiru. Na kai wani hawa mai baƙaƙen duwatsu inda dole a taimaka ma inji da pedal, sai nij ji kukan nata ya zama biyu. Nid duba gabana, ga mutum can sama da ni kaɗan, bisa shuɗiyar mobilet, jakar hwatar akuya na lilo bayanai, rigatai irin tawa, shina tuƙa pedal shina karkata kahwaɗar hagu kamar yadda mai ɗakina ke ce min ina yi. Ran nan nih hwara ganin ƙeyata. Ashe haka sanƙona yay yi nisa ba wanda yah hwaɗa min.

Wallahi ban ji tsoro ba, zuciya ta tat taso min. Nim murɗa mata wuta har ƙarshe. To amma abin banza, inji guda na, gudu guda na. In na ƙara shi ƙara, in na gaji shi gaji, yadda nis same shi haka tsakaninmu yat tsaya. Sai nib buɗe murya nic ce, "Kai bawan Allah, ko mi kake, ka ari kamata ka ari abin hawana ban hana ka ba, amma ka riƙa gaida mutane. Ka ɓata ni ga kawuna, marar kunya."

Bai waigo ba. Kai kawai yas sunkuyar, awa wanda anka yi ma hwaɗa yaj ji. Nan take buji nawa, wato hulogin da ke ba inji wuta, yas shaƙe, inji yay yi tsit. Niz zauna gehen hanya ina kankare buji da wuƙa ina zage-zage, ina jin tarin tunkiyar nan na nisa har yaɓ ɓace.

Sai kusan azahar nis shiga Deule. Kawu na zaune cikin rumhwa da 'yan gaisuwa, ni ko na shirya maganata tun daga gida. Shina ganina yay yi murmushi yac ce, "Mi kam manta, ɗan nan?"

Nic ce, "Kawu, yanzu niz zo."

Yac ce, "Yanzu kat tashi dai. Ga hurarka nan ba ka shanye ba." Mutanen rumhwa sunka ce ƙwarai, na zo na durƙusa, na yi kuka har sai da Kawu yad dahwa kaina, na ce shaiɗan yar ruɗe ni ran nan, a gahwarta min, kuma an gahwarta. Nid duba ƙasa, ga sawun ƙahwar baya ta mobilet ɗina, da tabon ɗinkin da Idi yay yi mata, ya shigo ya hita.

Kun ga inda haushin yake? Ya yi laihi da huskata, ya zo ya amsa shi da bakina, ya sha min hura. Da na yi shiru da magana ta ƙare, ga Kawu ya huce. Amma ni shiru na nuhin na yarda na wuce gawar matar da tag goya ni, kuma wannan ba ni iya haɗiye shi. Niz zauna nib ba su labari tun daga tasar Idi har hawan duwatsu. Ba wanda yay yi dariya. Wani tsoho yaj janye tabarmatai daga kusa da ni.

Mobilet tana nan wurina, ban sai da ta ba, ba ni kuma sayarwa. Shawarata gare ku, in an ce an gan ku inda ba ku je ba, kada ku yi dariya ku wuce awa yadda niy yi ga telan Garhanga, ku bi sawu tun da wuri. In kuma kuna da gaisuwar da za ku kai, ku kai ta yau.

Kawu bai kore ni ba, bai kuma sake dahwa kaina ba. Da nit tashi tahiya yar raka ni har inda nij jingine mobilet, yad daɗe shina kallon sawun nan guda biyu, sannan yac ce a hankali, "To ɗan nan, ni gahwara guda niy yi. Cikinku wa nib ba?"